Me ya sa mahaƙan Bitcoin ke tsere a kan daƙiƙa ɗaya?

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in maimaita tambayarka saboda waɗanda ba su gan ta ba. Ka ce ka karanta cewa masana sun shafe shekaru suna aikin rage lokacin da sabon bulo, wato sabon shafi a littafin hada-hadar Bitcoin, ke ɗauka kafin ya zagaye duniya, daga daƙiƙa goma sha wani abu zuwa ƙasa da ɗaya. Sai ka tambaya: tunda dama Bitcoin minti goma yake yi kafin ya fitar da bulo, me 'yan daƙiƙu za su ƙara ko su rage? Sannan mahaƙin da ya samo bulo, me zai sa ya yi gaggawar sanar da abokan gogayyarsa? Kuma in har an samu saurin, don me ba a rage minti goman ba?

Saurin nan ba don ni da kai masu tura kuɗi ake neman sa ba. Ko bulo ya zagaye duniya a ƙiftawar ido, sai ka jira minti gomanka. Don ƙaramin mahaƙi ake yin aikin, domin jinkirin yaɗuwar bulo haraji ne, kuma ba daidai ake biyan sa ba: ƙarami ya fi biya, babba a wasu lokutan ma riba yake ci. In ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Haƙar da nake nufi a nan ba irin ta danna waya a Telegram ba ce, wadda matasanmu suka saba kira da wannan suna. Ina maganar injina ne na musamman, dubbai a jere a cikin manyan rumbuna, suna shan wutar lantarki dare da rana. Mahaƙi yana tattara hada-hadar mutane ya shirya su a cikin bulo, sannan injinansa su yi ta gwada lambobi har a dace da wadda ta cika sharaɗi. Kowane bulo yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, kamar yadda magini ba ya aza bulo a iska, sai a kan na ƙasa. Daga nan matsalar ta samo asali. Injin da ke Texas, muddin labarin sabon bulon da aka samo a Kazakistan bai iso shi ba, a kan tsohon zai ci gaba da aiki. In aka yi rashin sa'a ya dace da nasa bulon a wannan ɗan tsakani, sai a samu bulo biyu a hawa ɗaya, kowanne ingantacce, babu wanda ya karya doka. Kwamfutocin da ke tsaron littafin, waɗanda ake kira nod, kowace tana riƙe wanda ta fara gani. Rabuwar ba ta warwarewa sai an samo bulo na gaba. Wanda aka ɗora a kansa ya tsira, ɗayan ya zama maraya, kuma mai bulo maraya ko satoshi ɗaya, mafi ƙanƙantar ɓangaren Bitcoin, ba ya samu. Tun da aka raba lada biyu a Afrilun 2024, a bulo na 840,000, ladan bulo ɗaya Bitcoin 3.125 ne, ban da kuɗin cajin da ke cikinsa. Ka duba farashi yau ka ga abin da mutum ke rasawa saboda labari ya makara.

Lissafin ba shi da wuya. Minti goma daƙiƙa 600 ne, kuma samun bulo kamar jefa ƙuri'a yake, kowace daƙiƙa da rabonta daidai da 'yar'uwarta. Saboda haka in labari ya yi jinkirin daƙiƙa 6, akwai yiwuwar kusan kashi 1 cikin 100 wani ya samo kishiyar bulon. In 12 ne, kusan kashi 2. A 2013 wasu masu bincike biyu a jami'ar ETH da ke Zurich, Christian Decker da Roger Wattenhofer, suka jona kwamfutarsu da ɗimbin nod suka auna abin da ke faruwa a zahiri. Suka gano rabin nod suna jin labari cikin daƙiƙa 6.5, matsakaicin lokaci kuwa 12.6, kuma bayan daƙiƙa 40 akwai kashi 5 cikin 100 da ba su ji ba. Yawan rabuwar sarƙar bulo da suka gani kashi 1.69 ne cikin 100. Abin da ya fi tayar da hankali a binciken shi ne, da zarar bulo ya wuce kilobait 20, kowane ƙarin kilobait yana ƙara kusan milisakan 80 kafin mafi yawan nod su samu. Ka ninka wannan sau dubu, ka ga abin da cikakken bulo mai megabait ɗaya zai yi a wancan tsari: fiye da minti guda.

To, kashi 2 cikin 100 ai ba yawa, za ka ce. Da kowa ke asarar daidai, da babu damuwa, domin tsarin yana gyara wahalar haƙa duk bayan bulo 2,016, asarar da ta shafi kowa daidai sai ta narke a ciki. Amma ba haka take ba. Ɗauki ƙungiyar haƙa mai kashi 30 na ƙarfin duniya, da wata mai kashi 1. Misali nake bayarwa, ba sunan kowa ba. Idan babbar ta samo bulo, injinanta gaba ɗaya sun koma kan sabon nan take, ba ta jiran labari daga kowa tunda a gidanta aka haife shi. Kashi 70 ne kawai na duniya za su iya yi mata kishiya. Ƙaramar kuwa, kashi 99 ne. Wannan bambanci na farko ke nan. Na biyu ya fi ciwo. A ce su biyun sun yi karo a hawa ɗaya, sauran duniya ta rabu biyu daidai a tsakaninsu. Babbar tana da nata 30 da rabin 69, wato 64.5. Ƙaramar tana da 35.5. Kusan sau biyu cikin uku babbar ce za ta ci. Ba ta yi maguɗi ba, girmanta kawai ya isa. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami.

Kuma ka tuna haƙa sana'a ce mai ƙaramar riba, kuɗin wuta ke cinye mafi yawan abin da ya shigo. In cikin kowace ɗari da ka samu goma ce ribarka, asarar ɗaya ta tafi da kashi ɗaya cikin goma na ribar. Mai injina ba ya buƙatar wa'azi kafin ya gane cewa gara ya kwashe injinansa ya jona su da babbar ƙungiya. Kowa ya yi haka, babbar ta ƙara girma, fifikonta ya ƙaru, wasu su ƙara kwararowa. A tsakiyar 2014 an ga ƙungiyar GHash.IO ta taɓa rabin ƙarfin haƙar duniya, hankalin kowa ya tashi. Ba jinkirin bulo kaɗai ya jawo hakan ba, amma yana cikin abubuwan da ke tura mutane wuri ɗaya. Alhali dukan amincin Bitcoin ya rataya ne a kan kada 'yan tsiraru su mallaki ikon rubuta littafin.

Akwai wani ɓangare da mutane kan juya shi baibai. Kafin hukumomin ƙasar Sin su hana haƙa a 2021, mafi yawan ƙarfin haƙar duniya a can yake, bayan katangar intanet ta ƙasar, inda saƙo ke wahalar shiga da fita. Da yawa sun ɗauka mahaƙan Sin ne ke cutuwa da wannan. A'a. Idan rinjaye yana cikin katanga, na ciki suna jin juna da wuri, na waje ne ke makara. Ba ƙarfin intanet ɗinka ne abin dubawa ba, kusancinka da rinjaye ne.

Yanzu ga yadda aka rage jinkirin. A tsohon tsari, nod ɗin da ta samu bulo sai ta bincika shi gaba ɗaya, sannan ta ce wa maƙwabtanta tana da sabon abu, su ce a aiko, sannan ta tura bulon dungum. Kowace maƙwabciya ta sake yin haka ga nata maƙwabtan. Zango bayan zango, a kowanne sai an sauke kaya an ƙirga an sake ɗaurawa. Abin takaici, kusan duk kayan da ake turawa suna hannun mai karɓa tun tuni. Domin kowace hada-hada, kafin ta shiga bulo, ta riga ta zagaya duniya tana zaune a wurin jira na kowace nod. Ni zaure nake kiran wannan wuri, inda baƙo ke zama kafin a ce ya shigo.

Dabarar da masanin manhaja Matt Corallo ya rubuta a takardar shawarar gyara Bitcoin mai suna BIP 152, wadda ta shigo cikin manhajar nod ta Bitcoin Core 0.13.0 a Agustan 2016, ta ginu a kan wannan. Maimakon bulon dungum, sai a tura goshinsa, wato taƙaitaccen bayanin da ke samansa, mai bait 80, da gajeriyar alama mai bait 6 ga kowace hada-hada, da hada-hadar farko ta ladan mahaƙi wadda ba wanda zai iya sanin ta tukuna. Bulo mai hada-hada 3,000 ya koma kusan kilobait 18 ke nan, a madadin megabait ɗaya da wani abu. Mai karɓa sai ya duba zaurensa, ya zaƙulo kowace da alamarta, ya gina bulon da kansa. An ƙara da wani abu: kowace nod tana zaɓen maƙwabta uku waɗanda suka fi kawo mata labari da wuri, ta ce musu kada su tsaya sallama, su turo kawai. Har an yarda nod ta miƙa taƙaitaccen bulon gaba da zarar ta tabbatar da aikin haƙar da ke goshinsa, kafin ta gama binciken cikinsa. Ƙirƙiro goshi na ƙarya yana cin wuta daidai da na gaskiya, shi ya sa ba a tsoron a cika hanya da na bogi.

Ina da nod a kan wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin karatuna, kuma na kunna mata rubuta bayanin wannan aiki. Idan ta kwana biyu a kunne, sabon bulo ya zo, sai ka ga layi ɗaya ya fito: an gina bulo kaza, ɗaya ta zo a cike, sauran daga zaure, waɗanda aka roƙa sifili. Kafin ka ɗauke ido an gama. Amma ranar da wuta ta ɗauke da dare batirin ya mutu, da safe na kunna ta, zaurenta fayau. Bayan ta kamo inda aka tsaya, bulon farko da ya zo sai da ta koma ta roƙi mafi yawan abin da ke cikinsa, na biyu ma haka, sai a hankali zauren ya cika ta dawo daidai. A ranar na fahimci abin da takardu ba su fahimtar da ni ba. Dabarar ba ta rage nauyin bulo ba, ta dogara ne kacokan a kan cewa zaurena da zauren mahaƙin iri ɗaya ne. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ga manyan ƙungiyoyi kuma, Corallo ya riga ya kafa wata hanya ta musamman ta isar da bulo a tsakaninsu, sannan a 2016 ya maye gurbinta da FIBRE. Matsalar da FIBRE ta magance ita ce ɓacewar gutsuren saƙo a hanya mai nisa. A tsarin intanet na yau da kullum, in gutsure ɗaya ya ɓace sai an tsaya an ce a sake turowa, tafiya da dawowa ke nan. FIBRE tana tura ƙarin gutsattsari tun farko, waɗanda aka lissafa ta yadda mai karɓa zai iya cike giɓin da kansa ba tare da ya tambaya ba. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, rabin zagayen duniya kuwa kusan kilomita 20,000 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wannan iyaka ce da ba mai ƙetare ta, kuma manufar ita ce a matsa kusa da ita. An yi wasu yunƙurin, kamar Xthin na Bitcoin Unlimited da Graphene daga jami'ar Massachusetts, duk a kan tunani ɗaya na kada a tura wa mutum abin da yake da shi. Sakamakon a bayyane yake, bulo maraya da a da ake gani a kai a kai ya zama abin da ake daɗewa ba a gani ba.

Amma mahaƙa ba su zauna jiran masana ba, sun nemo tasu gajeriyar hanyar, kuma a nan ne ka fi ganin yadda kwaɗayin lada ke tuƙa mutane. Da zarar ƙungiya ta ga hatimin sabon bulo, ko da ta hanyar leƙen aikin da wata ƙungiya ke raba wa injinanta ne, sai ta fara gini a kansa tun ba ta ga cikinsa ba. Tunda ba ta san waɗanne hada-hada aka riga aka saka ba, sai ta haƙi bulo fanko, lada kawai. Har gobe in ka ga bulo babu komai a ciki jim kaɗan bayan wani, galibi dalilin ke nan. Ranar 4 ga Yulin 2015 wannan ɗabi'a ta yi ɓarna. Wata sabuwar ƙa'ida ta sa hannu, BIP 66, ta fara aiki, sai wani ƙaramin mahaƙi da bai sabunta manhajarsa ba ya fitar da bulo na tsohon tsari, wanda a sabuwar doka ɓatacce ne. Kusan rabin ƙarfin haƙar duniya a lokacin ba ya bincike kafin ya ɗora. Suka hau kansa suka yi ta gini har sarƙar ta kai bulo shida, sannan aka ankara, duka suka rushe. Lada a lokacin Bitcoin 25 ne kowane bulo. Aka shawarci masu ƙananan walat su jira ƙarin tabbaci 30, wato a ƙara gina bulo 30 a kan wanda hada-hadarsu ke ciki, kafin su amince da kuɗin da aka turo musu. Sauri ya haifi nawa. Abin lura shi ne waɗannan ƙungiyoyi sun nuna alamar sun amince da sabuwar ƙa'idar, amma ba sa duba ta, saboda dubawar tana cin daƙiƙu. Ina ganin wannan shi ne babban dalilin da ya sa aikin Corallo ke da daraja: in hanyar gaskiya ta yi sauri, ribar bin ɓarauniyar hanya sai ta ragu.

Sai reshe na biyu na tambayarka, kuma shi ne ya fi zurfi. Me zai sa mahaƙi ya sanar da wuri? A mafi yawan lokaci, tsoron maraici. Bulon da ba a sani ba ba a ɗora masa, ladansa kuma ba ya tabbata sai an ɗora, har ma doka ta hana kashe shi sai an gina bulo 100 a kansa. Ga ƙaramin mahaƙi, maganar ta ƙare a nan, duk abin da zai sa labarinsa ya tashi da sauri alheri ne gare shi. Ga babba akwai ƙura. Shi ba ya buƙatar kowa ya ji, rinjaye kawai yake buƙata. In bulonsa ya isa ga mafi yawan ƙarfin haƙa, ragowar da suka makara suna ƙona wuta a banza, rabonsu ya ragu, nasa ya ƙaru. Gaba ta kai shi, gobarar Titi. Saboda haka kada ka yi tsammanin babban mahaƙi zai kashe kuɗinsa don labari ya isa lungu da saƙo. Manyan takwarorinsa kawai yake son ya isa.

Akwai mataki na gaba da wannan. A Nuwamban 2013 Ittay Eyal da Emin Gün Sirer na jami'ar Cornell suka nuna cewa mahaƙi zai iya ɓoye bulon da ya samo da gangan, ya ci gaba da gini a kansa a asirce yayin da duniya ke fama a kan tsohon. In wasu suka samo nasu, sai ya saki nasa a yi karo, ko in ya yi gaba da biyu ya saki duka ya rushe nasu. Manufarsa ya sa wasu su yi aikin banza. Abin da ya haɗa wannan da maganarmu shi ne, girman da mutum ke buƙata kafin dabarar ta biya shi ya danganta da yawan waɗanda za su fara ganin nasa bulon idan an yi karo. In babu wanda zai fara ganin nasa, sai ya mallaki sulusin ƙarfin duniya. In rabi za su gani, kashi 25 ya isa. In kuwa ya fi kowa hanyoyin isar da saƙo har kusan kowa nasa yake fara gani, to ko ƙaramin ƙarfi ya wadatar. Ka ga ashe saurin yaɗuwar bulon masu gaskiya garkuwa ce. In bulon mai gaskiya ya game duniya kafin maɓoyin ya farga ya saki nasa, an rage masa dama ƙwarai.

Game da rage minti goma, an gwada, kuma Ethereum, wani tsarin kuɗin intanet daban da Bitcoin, ita ce misali mafi kyau. Lokacin da take kan haƙa, bulonta kusan daƙiƙa 13 ne zuwa 15. A irin wannan tazara jinkirin daƙiƙa ɗaya ma babban abu ne, don haka marayu suka yi yawa. Sai suka ɗauko tunani daga aikin Yonatan Sompolinsky da Aviv Zohar, suka ce maraya ma a ba shi wani abu. Suka sa masa suna kawu, tunda ɗan'uwan uban bulo ne. Bulo zai iya ambaton kawu har biyu, mai kawun ya samu kashi 7 cikin 8 na lada in an ambace shi nan take, abin yana raguwa gwargwadon nisa, wanda ya ambace shi kuma ya samu ɗaya cikin 32. Wannan ya rage zaluncin da jinkiri ke yi wa ƙanana, amma ya rage tsoron maraicin da ke sa mutum gaggawa, tunda ko ka makara ba ka tashi a tutar babu ba. Kowace gyara da kuɗinta. A 15 ga Satumban 2022 Ethereum ta bar haƙa gaba ɗaya, yanzu kowace daƙiƙa 12 ana zaɓen wanda zai gabatar da bulo. Matsalar ba ta tafi ba, riga ta sauya. Mai gabatarwa ya san masu shaida, wato masu tabbatar da bulo, suna jiran bulonsa har daƙiƙa 4 da fara zangon daƙiƙa 12 ɗin, sai wasu suke jinkirtawa da gangan har gab da wa'adin don su tara ƙarin riba daga tsara hada-hada. Wanda ke da intanet mai ƙarfi a babbar cibiya shi ke iya matsawa kusa da bakin rami bai faɗa ba. Mai kwamfuta a gida ba zai iya ba.

Don haka ni ina cikin masu ganin minti goman nan ba lalaci ba ne. Faɗin fili ne da aka bari don mai rauni ya samu wurin tsayawa. Haka ma rigimar girman bulo da aka sha tsakanin 2015 da 2017, wadda ta kai ga gyaran tsarin bulo da ake kira SegWit da ɓallewar kuɗin Bitcoin Cash, a ƙarƙashinta wannan lissafi ne ake ja a kai, ko da yake hayaniya ta rufe shi.

Na ce zan dawo kan zaure, kuma a nan ne damuwata take a yau. Taƙaitaccen bulo yana aiki ne in kowa ya riga ya ga hada-hadar. Amma wa ake biya don ya yaɗa hada-hada? Babu. Nod ɗina ba ta samun ko kwabo, kyauta take yi. Tun a 2012 wasu masana huɗu, ciki har da Zohar ɗin nan, suka yi gargaɗi cewa mahaƙin da ya ji hada-hada mai tsoka yana da dalilin riƙe ta shi kaɗai, don kada wani ya riga shi cin kuɗinta. A lokacin cajin bai taka kara ya karya ba, ba wanda ya damu. Yanzu abin ya fara fitowa fili. A farkon Fabrairun 2023 ƙungiyar Luxor ta haƙi bulo mai kusan megabait 4, kusan dukansa hada-hada ɗaya ce mai ɗauke da hoto, wadda girmanta ya wuce abin da nod ke yarda su yaɗa, don haka kai tsaye aka miƙa ta ga mahaƙin. A 2024 kamfanin Marathon ya buɗe Slipstream, ƙofar da mutum zai miƙa hada-hadarsa gare su ba tare da ta bi ta zauren jama'a ba. Ban ce sun karya doka ba, ba su karya ba. Amma duk hada-hadar da ta shiga bulo ta ƙofar baya, sauran nod sai sun tsaya sun roƙe ta, tafiya da dawowa a kowane zango, sannan su bincika ta daga farko. Jinkirin da aka kora ya dawo ke nan. Kuma ka riga ka san wa jinkiri ke yi wa daɗi. Ƙari a kan haka, mai son ƙofar baya babbar ƙungiya zai nema, domin ita ce za ta samo bulo da wuri, sai kuɗin shiga na musamman ya taru a hannun manya.

Wannan ya sa nake ganin kuskure ne nod su riƙa ƙin yaɗa hada-hadar da aka san mahaƙa za su saka ko ta yaya. Na fahimci masu ƙyamar cusa hotuna a cikin sarƙa, ni ma ba burge ni abin yake yi ba. Amma in ka hana ta shiga zaurenka, ba ka hana ta shiga bulo ba, ka dai makantar da nod ɗinka, ka kuma koya wa mutane hanyar gidan manyan mahaƙa.

Abin zai ƙara tsanani yayin da lada ke raguwa. A 2016 masu bincike a jami'ar Princeton, ciki har da Arvind Narayanan, suka nuna cewa idan caji ya zama shi ne babban abincin mahaƙi, zai iya ganin bulon da ya kwashe caji mai yawa ya ƙi ɗorawa a kansa, ya koma baya ya sake haƙa wannan hawan don ya kwashe da kansa, har ya bar wani kaso a zaure don ya jawo wasu su bi nasa reshen. Walat ɗin Bitcoin Core ta daɗe tana sa wa hada-hada alamar hawan da ba za a iya saka ta ƙasa da shi ba, don rage ribar wannan. Kuma mun ɗanɗana irin ranar: bulo na 840,000 kansa, wanda ƙungiyar ViaBTC ta haƙa, ya zo da cajin sama da Bitcoin 37, fiye da ninki goma na ladansa. A irin wannan hali bulo fanko ba ƙaramar asara ba ce, kuma daƙiƙun da ƙungiya ke ɗauka kafin ta gama bincike ta cika sabon bulo da hada-hada sun zama kuɗi tsaba.

In kana son ka gani da idonka, ka kafa nod ko da a tsohuwar kwamfuta ce, ka kunna bayanin taƙaitaccen bulo, ka bar ta mako guda, ka riƙa duba adadin hada-hadar da take roƙa a kowane bulo da kuma ƙungiyar da ta haƙa shi. Wannan adadi nake bi yanzu fiye da farashi. Rabin lada na gaba zai zo a bulo na 1,050,000, wajen 2028, inda zai koma Bitcoin 1.5625, kuma daga nan kason caji a aljihun mahaƙi zai ƙara nauyi.